Yadda Ake Zaɓen Kujerar Yaro Domin Tafiya a Jirgin Sama

Duk wanda ya saba tafiya a jirgin sama ya san abin da akan yi kafin a tashi. Ma'aikatan jirgi sukan bi layi-layi suna duba kowane fasinja, su tabbata ya ɗaura bel ɗinsa. Sukan sa a rufe ma'ajiyar kaya da ke bisa kai, a tura jakunkuna ƙarƙashin kujeru, a naɗe 'yan teburan cin abinci. Har butocin shayi da kekunan rabon abinci da ke can baya sai an kulle su a mazauninsu, don kada wani abu ya tashi ya bugi mutum idan jirgi ya girgiza. Bayan an gama duk wannan hidima, abu ɗaya ne kaɗai yakan rage wanda ba a ɗaure shi da jikin jirgin ba, shi ne yaron da bai cika shekara 2 ba, wanda ke zaune bisa cinyar uwarsa.

A zamanin nan ma'aikata da ɗalibai da yawa sukan tafi kwas ko ƙaro ilmi a ƙasashen waje tare da iyalinsu, wasu kuma sukan je Umra ko ziyarar 'yan'uwa da ƙananan 'ya'yansu. Mai irin wannan tafiya, idan yana da yaro ɗan tatata, watau wanda ya wuce jariri amma bai yi girman da bel ɗin manya zai riƙe shi ba, tilas ya yanke shawara a kan abu biyu. Da farko, shin riƙe yaron za a yi ko kuwa za a saya masa wurin zama na kansa? Na biyu, idan an saya masa wuri, wace irin kujera za a ɗora a kai? Kujerar da ake nufi a nan ita ce irin wadda akan ɗaura a mota domin yara, mai maɗaurai da ke kama kafaɗu da ƙugu, domin ita ce dai ake shiga da ita jirgi a ɗora ta bisa kujerar fasinja. Sai dai ba kowace kujerar mota ce ake karɓa a jirgin sama ba, kuma iyaye da dama ba su sanin haka sai an tare su a bakin ƙofar jirgi.

Abin da hannu ba ya iyawa

Uwa takan ɗauka cewa babu wurin da ya fi ƙirjinta aminci ga ɗanta, kuma a harkokin yau da kullum gaskiyarta ne. Amma nauyin abu yakan ninku idan abin da ke ɗauke da shi ya tsaya ko ya fāɗi farat ɗaya. Tun shekarar 1988 aka kafa doka a Amurka cewa kujerun sababbin samfuran jiragen fasinja su iya jure fizga wadda ta ninka nauyin mai zama har sau 16. A irin wannan fizga, yaro mai kilo 10 yakan zama kamar kilo 160 a hannun mai riƙe da shi, watau buhun siminti uku da ɗoriya, kuma cikin ƙiftawar ido abin ke faruwa. Babu uwa ko uba mai ƙarfin damtsen da zai riƙe wannan.

An ga haka a fili ranar 19 ga watan Yuli na shekarar 1989. Wani jirgin kamfanin United Airlines, samfurin DC-10, ya tashi daga Denver zuwa Chicago da mutum 296, sai injinsa na wutsiya ya tarwatse a sama, ya lalata bututun man da ake sarrafa jirgin da su. Matuƙan suka yi ta fama har suka kai shi filin jirgin Sioux City a jihar Iowa, inda ya daki ƙasa, ya kakkarye, ya kama wuta. Mutum 112 suka rasu, 184 suka tsira. A cikin jirgin akwai yara 4 waɗanda ba su da wurin zama na kansu. Bisa ƙa'idar wancan lokaci, ma'aikatan jirgi suka umarci iyayensu su ajiye su a ƙasa tsakanin ƙafafunsu, su danne su da hannu. Da jirgin ya bugi ƙasa sai wasu daga cikin yaran suka suɓuce. Ɗaya daga cikinsu, ɗan wata 22, hayaƙi ya kashe shi, alhali uwarsa ta fita da rai. Shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Jan Brown, wadda ita ce ta isar da wancan umarni, ta shafe shekaru masu yawa bayan haka tana neman a kafa doka cewa kowane yaro ya sami wurin zamansa a jirgi.

Shekara 5 bayan wannan, a watan Yuli na 1994, wani jirgin kamfanin USAir ya fāɗi kusa da birnin Charlotte. Wata jaririya 'yar wata 9 ta kuɓuce daga hannun uwarta ta rasu, uwar kuwa ta rayu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bayyana cewa da jaririyar na ɗaure cikin kujerar yara kusa da uwarta, mai yiwuwa da ba ta mutu ba.

Mai karatu zai iya cewa ai faɗuwar jirgi abu ne da ba safai yake faruwa ba, kuma haka ne. Abin da ya fi yawan raunata mutane a jirgi shi ne gargadar iska. Akwai irin gargadar da ke zuwa tare da hadari, wadda matuƙi ke hangowa a na'urarsa ya kauce mata ko ya gargaɗi fasinjoji. Akwai kuma wadda ke aukuwa sararin sama garau, babu gajimare ko ɗaya, wadda na'ura ba ta nuna ta. Wani bincike da masana na Jami'ar Reading ta Ingila suka fitar a 2023 ya nuna cewa gargada mai tsanani ta wannan iri na biyu ta ƙaru da kashi 55 cikin 100 a sararin arewacin tekun Atlantika tsakanin 1979 da 2020. Ranar 21 ga watan Mayu na 2024 kuwa, wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya gamu da gargada a sararin ƙasar Myanmar ana cikin rabon abinci. Jirgin ya sulmiyo ƙafa 178 cikin ƙasa da daƙiƙa 5, waɗanda ba su ɗaura bel ba suka tashi suka bugi rufi. Mutum ɗaya ya rasu, da yawa suka ji munanan raunuka, aka karkata da jirgin zuwa Bangkok.

A farkon wannan shekara ta 2024 ɗin, ranar 5 ga watan Janairu, wani murfin ƙofa ya ɓalle daga jikin jirgin Alaska Airlines jim kaɗan bayan ya tashi daga Portland, yana wajen ƙafa 15,000 a sama. Iskar da ta fita ta kafar ta fizge rigar wani saurayi daga jikinsa. Akwai jarirai 3 bisa cinyar iyayensu a cikin jirgin, sai dai an yi sa'a babu wanda ke zaune dab da wurin. Bayan wannan ne shugabar hukumar binciken haɗurra, Jennifer Homendy, ta sake roƙon iyaye su riƙa saya wa 'ya'yansu wurin zama, su kuma ɗaure su cikin kujerar da aka yarda da ita. Ƙungiyar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada, ita ma ta fitar da littafin jagora a kan wannan batu tun 2015, inda ta nuna cewa hanyar da ta fi aminci ita ce yaro ya zauna cikin abin ɗauri da ya dace da girmansa, a wurin zama na kansa.

Akwai wani ɗan ƙaramin bel da jiragen Turai da na wasu ƙasashe kan ba iyaye, wanda ake zagaya cikin yaro da shi a sarƙafa shi da bel ɗin babba. Yana hana yaro tashi sama idan an shiga gargada, amma idan jirgi ya tsaya da ƙarfi jikin babban yakan rufto kan yaron ya matse shi. Saboda haka ne Amurka ta hana amfani da shi lokacin tashi da sauka. Haka kuma ɗan gadon jarirai da akan rataya a bangon jirgi na barci ne kawai, kuma da zarar an kunna alamar ɗaura bel akan ce a ciro jaririn.

A fara duba tambari

Abu na farko da mai saye zai nema a jikin kujera shi ne shaidar cewa an yarda a yi amfani da ita a jirgin sama. Kyawun launi da taushin katifa da sunan kamfani duk suna bayan wannan, domin idan babu shaidar, ma'aikatan jirgi suna da ikon karɓe kujerar su aika da ita cikin kaya.

Kujerun da aka yi domin kasuwar Amurka, tun daga watan Fabrairu na 1985, suna ɗauke da wata takarda manne a gefe ko a ƙarƙashi, mai rubutu da jan tawada kamar haka: "This restraint is certified for use in motor vehicles and aircraft." Ma'anarsa ita ce an tabbatar da wannan abin ɗauri domin amfani a mota da jirgin sama. Kafin kujera ta sami wannan rubutu sai an yi mata wani gwaji na musamman bayan gwajin karon mota. Akan ɗaure ta da bel ɗin cinya kaɗai bisa kujerar jirgi, a sa mutum-mutumin yaro a ciki, sa'an nan a juya ta gaba ɗaya, kai a ƙasa, a ga ko kujerar za ta zame ko yaron zai fāɗo.

Kujerun Turai kuwa suna da tambari mai ruwan lemo, da harafin E cikin da'ira, da lambar ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka bi wajen ƙera su. Tsohuwar ƙa'idar ita ce R44, wadda ke rarraba kujeru bisa nauyin yaro. Sabuwar ita ce R129, wadda ta fara aiki a 2013, tana kuma rarraba su bisa tsawon yaro. Tun ranar 1 ga watan Satumba na 2024 aka daina sayar da sababbin kujeru masu lambar R44 a ƙasashen Tarayyar Turai, ko da yake wanda yake da ita yana iya ci gaba da amfani da abinsa. Sai dai wannan tambari shaida ce ta mota. Wasu kujerun suna da ƙarin tambari daga hukumar gwaji ta TÜV Rheinland ta ƙasar Jamus, wanda ke cewa sun dace da jirgin sama, kuma shi ne kamfanonin jiragen Turai da yawa suka fi amincewa da shi.

A nan akwai wani tarko da ya kamata a lura da shi. Kujerar jirgi bel ɗaya gare ta, mai ratsa cinya. Ba ta da bel ɗin kafaɗa irin na mota, ba ta kuma da ƙarafan nan biyu da ke ɓoye cikin kujerun motocin zamani, waɗanda ake kira ISOFIX, da akan maƙala kujerar yaro a jikinsu. To, kujerun Turai da yawa na yara 'yan tatata, har da masu tsadar gaske, ba su ɗauruwa sai da waɗannan ƙarafa ko da bel mai kafaɗa. Irin wannan kujera, komai ingancinta a mota, ba ta da amfani a jirgi. Don haka sai mai saye ya buɗe littafin da ke zuwa tare da kujerar, ya nemi shafin da ya yi bayanin jirgin sama, ya tabbata ana iya ɗaure ta da bel ɗin cinya kaɗai. Wannan dalili ne kuma ya sa ba a yarda da matashin ƙarin tsawo ba, watau wanda akan ɗora manyan yara a kai a mota don bel ɗin kafaɗa ya zauna musu daidai. Tun da babu bel ɗin kafaɗa a jirgi, matashin ba shi da aikin yi.

Kamfanonin jirage kuma ba ƙa'ida ɗaya suke bi ba. A Amurka doka ta hana kamfanin jirgi na ƙasar ya ƙi kujerar da ke da shaida, muddin an saya wa yaron tikiti. A wasu ƙasashe kuwa kamfani ne ke da ta cewa. Akwai masu iyakance shekarun yaro, akwai masu ƙin kujerar da ke fuskantar baya, akwai masu jerin sunayen kujerun da suke karɓa, akwai masu so a sanar da su kwanaki kafin tafiya. Matambayi ba ya ɓata. Kafin a biya kuɗin tikiti sai a duba ƙa'idar kamfanin a shafinsa na intanet, a buga ta a takarda a riƙe a hannu, domin ba kowane ma'aikacin jirgi ne ya saba ganin irin wannan kujera ba. Wanda zai sauya jirgi a hanya sai ya duba ƙa'idar kowane kamfani da zai hau.

Girman yaro

Abu na biyu shi ne a auna yaron, nauyi da tsawo, a asibiti ko a gida, a rubuta. Shekaru kaɗai ba su isa ma'auni ba, domin yara biyu sa'o'in juna suna iya bambanta da kilo 3 ko 4. Kowace kujera tana da iyakar nauyi da tsawo a rubuce a jikinta, kuma a kan wannan iyaka aka gwada ta.

Kujerun yara iri biyu ne wajen zama, akwai mai fuskantar baya, akwai mai fuskantar gaba, akwai kuma wadda ake iya juyawa ta yi duka biyun. Asalin mai fuskantar baya daga ƙasar Sweden yake. Wani likita mai suna Bertil Aldman ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya rigingine a cikin kumbo don ƙarfin tashi ya bazu a duk faɗin bayansu, sai ya ƙera samfurin kujerar yara a kan wannan dabara a shekarar 1964. Hikimar ita ce kan ƙaramin yaro yana da girma da nauyi ƙwarai idan aka gwada da sauran jikinsa, ƙasusuwan wuyansa kuma ba su gama ƙwari ba. Idan yana fuskantar gaba aka tsaya farat ɗaya, maɗaurai sukan riƙe jikinsa, kan kuwa ya wuce gaba ya ja wuyan. Idan yana fuskantar baya, kai da wuya da gadon baya duk sukan nitse cikin jikin kujerar tare.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, watau FAA, ta taɓa ba da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa: yaron da bai kai kilo 9 ba ya fuskanci baya, mai kilo 9 zuwa 18 ya zauna a kujera mai fuskantar gaba, wanda ya wuce kilo 18 kuwa bel ɗin jirgi ya ishe shi. Amma ƙa'idar R129 ta hana a juya yaro gaba kafin ya cika wata 15, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tun 2018 take ba da shawara a bar yaro yana fuskantar baya har sai ya kai iyakar da kujerarsa ta yarda. Saboda haka ga ɗan shekara ɗaya zuwa uku, kujerar da ake iya juyawa gaba da baya ita ce ta fi dacewa, domin za ta bi shi yana girma, kuma idan wani kamfanin jirgi ya ƙi zaman baya sai a juya ta, in dai nauyin yaron ya kai.

Akwai wani abin ɗauri kuma mai suna CARES, wanda kamfanin AmSafe ke yi, hukumar FAA kuma ta amince da shi a 2006. Maɗaurai ne kawai, babu kujera. Akan zura su a bayan kujerar jirgi, su sauko ta kafaɗun yaro su haɗu da bel ɗin cinya. An yi shi domin yara masu kilo 10 zuwa 20 waɗanda tsawonsu bai wuce kimanin mita ɗaya ba, nauyinsa kuma bai wuce rabin kilo ba, yana shiga jakar hannu. Aibinsa biyu ne. Ba a amfani da shi a mota ko kaɗan, sa'an nan tun da ba shi da maɗauri tsakanin ƙafafu, ƙaramin yaro mai mutsu-mutsu yakan zame ta ƙasa. Akwai kuma na jabu da yawa a kasuwannin intanet. Ya dace da iyalin da wata kujerar ke jiransu a motar da za ta ɗauke su.

Faɗi da nauyi

Abu na uku shi ne kujerar ta shiga wurin da za a ɗora ta. Faɗin kujerun sashen talakawa a yawancin jirage inci 17 zuwa 18 ne, watau santimita 43 zuwa 46. Hukumar FAA ta ce kujerar yaro wadda faɗinta bai wuce inci 16 ba, kimanin santimita 41, za ta shiga yawancin jirage. Wadda ta ɗan fi haka takan shiga idan aka ɗaga madogarar hannu, sai dai a layin farko na kowane sashe madogarar ba ta ɗaguwa, domin a cikinta ake ajiye tebur. Kujerun sashen masu hali ma ba duka suke karɓar kujerar yaro ba, domin wasunsu a karkace suke, wasu kuma bel ɗinsu yana da jakar iska a ciki.

Nauyin kujerar shi ma abin dubawa ne. Akwai manyan kujeru masu ƙarfe a ciki da suka wuce kilo 10, akwai kuma marasa nauyi masu kilo 4 zuwa 5. Uban da zai ratsa babban filin jirgi irin na Dubai ko Istanbul, da jaka a kafaɗa, da fasfo a hannu, da yaro yana kuka, shi ya san bambancin. Kada a ɗauka mara nauyi ba ta da inganci. Duk kujerar da ke ɗauke da tambari ta ci jarrabawa ɗaya ce da 'yar'uwarta mai tsada, kuma sau da yawa ƙarin kuɗin na taushin yadi ne da sauƙin gyara maɗaurai. Ana sayar da jakar goyo ta musamman da ake saka kujerar a ciki, da wani ɗan maɗauri da ke haɗa ta da akwati mai taya.

Hattara da gwanjo

Kujerun yara na hannu suna shigowa kasuwanninmu tare da sauran kayan gwanjo, kuma farashinsu yana jan hankali. Amma kujerar da ta taɓa shiga haɗarin mota tana iya samun tsagewa a cikin robarta wadda ido ba ya gani, mai sayarwa kuwa bai san tarihinta ba. Bugu da ƙari, kujerun yara suna da wa'adi, galibi shekara 6 zuwa 10 daga ranar da aka ƙera su, domin roba takan yi rauni da daɗewa, musamman inda zafin rana ya yi yawa. Ranar ƙira tana rubuce a takardar da ke manne, wani lokaci kuma a zane take a jikin robar. Kujerar da takardunta suka kankare, ko littafinta ya ɓata, ko aka sauya mata maɗaurai da ɗinkin tela, a bar ta. Idan tilas sai ta hannu, to a karɓa daga ɗan'uwa ko aboki wanda zai faɗi gaskiyar abin da ya same ta.

Ranar tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai a gwada ɗaura kujerar a gida tun da sauran kwanaki, a kuma saba wa yaron da zama a cikinta, domin yaron da ya san kujerarsa yakan yi barci a ciki kamar yadda yake yi a mota. Wajen zaɓen wurin zama, a nemi gefen taga, don kada kujerar ta tare wa wani hanya idan ana gudun fita. Ba a yarda a sa ta a layin ƙofar gaggawa ba, kamfanoni da yawa kuma sun hana layin da ke gabansa da na bayansa. Idan an kira masu ƙananan yara su fara shiga, sai ɗaya daga cikin iyayen ya yi gaba da kujerar ya ɗaura ta kafin cunkoso.

Wajen ɗaurawa, akan zura bel ɗin jirgi ta kafar da littafi ya nuna, domin kafar zaman gaba dabam take da ta zaman baya. Akan kwantar da bayan kujerar jirgin kaɗan, a danna kujerar yaron da gwiwa ko hannu, a ja bel ɗin ya tsuke, sa'an nan a mai da bayan kujerar tsaye. Idan aka kama ta daidai inda bel ya ratsa aka girgiza, bai kamata ta motsa fiye da inci ɗaya ba. A lura da inda kan bel ɗin ya tsaya, domin idan murfinsa ya manne da bayan kujerar yaron, buɗe shi bayan an sauka yakan zama aiki. Shi kuwa yaron, a cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi, a ja maɗauran har sai yatsa biyu sun kasa tsunkuno su a kafaɗa, in akwai maɓallin ƙirji kuma a kai shi daidai hammata. Idan yana jin sanyi sai a lulluɓe shi ta sama.

Batun kuɗi

Duk wannan bayani yana tsaye ne a kan kuɗin tikiti, kuma babu amfanin ɓoye cewa kuɗin ba kaɗan ba ne. Yaron da aka riƙe bisa cinya, a tafiyar ƙasa da ƙasa, yawancin kamfanoni kimanin kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba suke karɓa a kansa. Wanda aka saya wa wuri kuwa akan biya masa kusan kuɗin babba, ko da ɗan rangwame. Ga ɗalibi mai dogaro da kuɗin tallafin karatu, ko ma'aikaci mai jiran albashi, wannan bambanci yana da nauyi. Amma daga ranar da yaro ya cika shekara 2 babu sauran zaɓi, tilas a saya masa wuri, har ma idan a can wurin tafiyar ya cika, sai an saya masa na dawowa.

Ita kanta hukumar FAA ta duba wannan matsala, kuma a 2005 ta ƙi tilasta wa iyaye sayen tikitin jarirai. Hujjarta ita ce idan tafiyar jirgi ta yi wa iyali tsada za su koma bin hanyar mota, mota kuwa ta fi jirgi kashe mutane nesa ba kusa ba. Wannan hujja tana da darasi ga kowa. Wanda bai iya sayen wuri na uku ba, kada ya fasa jirgi ya kama doguwar hanya saboda tsoron riƙe yaro a cinya. Sai ya zaɓi ranar da ba a cika cunkoso ba, ya zo da kujerarsa har bakin jirgi, ya tambayi ma'aikata ko akwai wurin da babu kowa. Wasu kamfanoni sukan yarda a ɗora ta kyauta. Idan ba a samu ba sai a miƙa ta a bakin ƙofa, a cikin jakarta, domin hakan ya fi a jefa ta cikin manyan kaya tun daga wurin awo, inda akan yi wurgi da akwatuna.

Ko ta wace hanya aka bi, kujerar tana da sauran aiki bayan an sauka. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar yara tana rage haɗarin mutuwa a ƙaramar mota da kashi 71 cikin 100 ga jarirai, da kashi 54 cikin 100 ga 'yan shekara 1 zuwa 4. A Ingila doka ta wajabta wa yaro kujera ko matashin ƙarin tsawo har sai ya cika shekara 12 ko ya kai santimita 135, a Amurka kuma babu jihar da ba ta da irin wannan doka. Ɗalibin da abokinsa ya zo ɗaukarsa daga filin jirgi da motar gida, idan babu kujerar yaro, ya saɓa doka tun ranar isowarsa. Iyalin da suka zaɓi kujera mai tambari, wadda ta dace da nauyin ɗansu, mai shiga tsakanin madogaran hannu, wadda kuma uba zai iya ɗauka a kafaɗa, sun sami abin da zai yi musu aiki daga ƙofar gida zuwa filin jirgi, da cikin jirgin, da kuma motar da ke jiransu a can. Idan sun dawo gida kuma, kada a jefa ta ɗakin ajiya. A bar ta ɗaure a kujerar baya ta mota, domin a nan ne yaron zai fi bukatarta.